Tsayuwa a Ginshiƙi na Shida

Malama Ƙarama suke ce mata, domin ranar da ta fara zuwa makarantar mai gadi ya tare ta a ƙofa ya tambaye ta ina rigar makarantarta. Ga ta 'yar firit, ga murya kamar ta mai gaida surukai. An ɗauke ta koyar da kimiyya ne a kan gwaji na zango guda. In Shugabar makaranta ta gamsu ta sa hannu a takardarta, aiki ya zauna. In ba ta gamsu ba, sai ta koma gida ta ci gaba da taya yayarta tela ɗinka maɓallai.

Aka kuwa haɗa ta da aji biyu, ajin da malamai ke tura wa juna kamar wankin tukunyar da ta kama. Yara arba'in da ɗaya, baki ya fi kai aiki.

A sati na biyar suka iso babin motsi. Ta rubuta a allo da kyakkyawan rubutunta cewa sauri shi ne nisa a raba da lokaci. Suka maimaita sau goma har tagogi na amsawa. Sai ta ce, “Mota ta yi tafiyar mita ɗari cikin sakan goma. Nawa ne saurinta?”

Can wani dogon yaro a layin baya, wanda ake kira Lange, ya ɗaga hannu.

“Malama, wace irin mota ce? In irin ta kawuna ce, sai an tura.”

Aji ya kwashe da dariya. Ta tsaya da alli a hannu, ta gane cewa sun haɗiye kalmomin ne kawai kamar ƙwayar magani, ko ɗanɗano ba su ji ba.

Akwai agogunan awon gudu a makarantar, amma suna kulle a kabad, makulli na aljihun Mataimakin Shugaba, shi kuwa ba ya ba wa 'yan gwaji. Saboda haka washegari ta zo da tef ɗin awon yayarta, da kuma agogon bangon falon Inna, mai jan hannun sakan, ta naɗo shi a zani kamar jariri. Inna ta biyo ta har ƙofar gida tana cewa, “Auta, yanzu in baƙi suka zo sai su ga ƙusa tsirara a bango?”

Tagogin aji biyu suna kallon wata doguwar baranda ne a ƙetaren fili, wadda ta taso daga ɗakin malamai ta dire a ƙofar aji uku. Ginshiƙai goma sha biyu ne ke riƙe da ita. Yara suka duƙa da tef suka auna, daga ƙofar ɗakin malamai zuwa ginshiƙi na farko mita biyar, haka ma daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, duka mita sittin. Ta rataye agogo kusa da taga, ta raba su uku-uku: ɗaya ya kalli mai tafiya, ɗaya ya kalli agogo, ɗaya ya rubuta lokaci duk sa'ad da aka wuce ginshiƙi. Lange ya yi tafiyar ango, suka auna. Ya sheƙa da gudu, suka auna. Suka raba sittin da abin da agogo ya ba su, sai ga lamba ta fito, ta mai gudu ta fi ta ango. Wata yarinya mai kaifin baki da ake kira Barkono ta dubi takardarta ta ce, “Au, daman wannan ne kawai? To ai sai a ce mana haka tun farko.”

Daɗi ya cika Malama Ƙarama, kuma daɗin ne ya ja mata. Ta ce aikin wannan sati shi ne kowane rukuni ya auna saurin abubuwa biyar masu motsi. Ita a ranta keke take nufi, da ƙwallo, da akuyar mai gadi. Ba ta tsaya ta tambayi kanta ba, mene ne ke wucewa a gaban tagar nan daga safe har a tashi?

Ranar Litinin ta tarar da cincirindo a gaban allon sanarwa. An liƙa wata takarda mai layi-layi, an ja ta da rula tsaf, har da jan biro. A sama an rubuta: Saurin Malamanmu. Mai shara, mita ɗaya a sakan, zuwa da dawowa. Mataimaki, mita biyu a sakan idan an kaɗa ƙararrawar tashi. Malamar Turanci, ya danganta da takalmin da ta sa. A can ƙasa, da manyan baƙaƙe, malamin lissafi: zuwa aji, rabin mita a sakan, dawowa ɗakin shayi, mita ɗaya da rabi. Akuyar mai gadi ma tana ciki, kuma ta fi shi.

Shi malamin lissafin nan, Malam Sifili ake kiransa a bayan idonsa, don ba abin da hannunsa ya iya zanawa da kyau a littafin yaro kamar wannan ƙwan. Tuzuru ne, ya ba arba'in baya, kullum rigarsa a goge har tana iya yanka mutum. Shekara goma sha bakwai yana makarantar ba a taɓa jin ya yi latti ba, kuma yana faɗa wa duk wanda ya tsaya.

Da Malama Ƙarama ta shiga ɗakin malamai sai cokula suka daina motsi a kofuna. Malamar Turanci ta ɓoye ƙafafunta ƙarƙashin tebur.

“Ga mai binciken ta iso,” in ji Mataimaki. “Malama, yau nawa na yi daga mota zuwa nan? Ko sai an liƙa?”

“Wallahi ban sani ba, Malam. Ni keke na ce musu.”

“To ga mu, mun zama kekuna.”

Kafin ta ajiye jaka aka ce Shugaba na kira.

Shugaba mace ce mai jiki, mai magana a hankali, irin waɗanda sai sun cire tabarau ake sanin an shiga uku. Takardar na shimfiɗe a gabanta. Malam Sifili na tsaye gefe yana huci.

“Ranki ya daɗe, ba zagin ne ya dame ni ba,” ya ce. “Ƙaryar ce. Lambobin nan ƙirƙirarsu aka yi. Yaran da ba su iya raba sha biyu gida uku ba, su ne za su auna ni? Ba kimiyya ake koya musu ba, rashin kunya ce. A karɓe ajin a ba Mataimaki kafin a lalata su gaba ɗaya.”

Shugaba ta dubi Malama Ƙarama. “Ke kika sa su?”

“Na sa su awo, ranki ya daɗe. Ban ce su auna manya ba. Laifina ne da ban faɗa ba.”

“Ni ban ga sunana a ciki ba.”

Malama Ƙarama ta sunkuyar da kai. Ta riga ta tambayi Barkono wannan a gaban allon sanarwa, yarinyar ta ce ai suna son ransu.

Shugaba ta cire tabarau. “Ranar Alhamis zan zauna a ajinki. Malam ne zai yi musu tambayoyi, duk wadda ya ga dama. In na ga sun san abin da suka rubuta, shi ke nan. In na ga iskanci ne da rula, ajin ya bar hannunki, takardarki kuma ba zan ɓata biro a kanta ba.”

Da yamma a gida ta zauna gefen keken ɗinki ta kasa cin abinci. Yaya ta saurari labarin da allura a baki, ta yi ta dariya har sai da ta cire allurar.

“Rabin mita? Ai ko Inna da ciwon gwiwarta ta fi haka.”

“Ku bar ni da gwiwata,” in ji Inna daga kan tabarma. “Ke Auta, ki je ki ba mutumin nan haƙuri. Ki ce yara ne suka yi ƙarya, a zane biyu, a wuce wurin.”

“In ba ƙarya suka yi ba fa, Inna?”

“To sai ki ci gaskiyar ki ƙoshi. Ki dawo mini da agogona dai kafin su kore ki da shi.”

Ta kwana tana juyi. Hanya mai sauƙi ita ce ta sa su haddace ma'anoni ashirin kafin Alhamis, su rera wa Shugaba kamar waƙa. Amma ta san Malam Sifili, tambaya ɗaya zai karkata su zube. Sai ta yanke shawarar ci gaba da darasinta inda ta tsaya, abin da zai faru ya faru.

Talata da Laraba ta koya musu zanen tafiya. Layi ɗaya a kwance na lokaci, layi ɗaya a tsaye na nisa. Ta sa Lange ya yi tafiya a gaban aji, ya tsaya ya sosa ƙeya, ya ci gaba, su kuma suna ɗiga ɗigo suna haɗawa. Suka ga da idonsu yadda layi ke hawa in yana tafiya, ya miƙe tsaye-tsaye in ya ruga, ya kwanta shame-shame in ya tsaya. Ta kuma kafa doka: daga yau ba mai auna wani malami, ko a mafarki.

“Malama, na baya da muka riga muka rubuta fa?” in ji Barkono.

“Ki rufe littafin nan, ki zauna a kansa.”

Ranar Alhamis aka kawo kujerar Shugaba aka ajiye a bayan aji. Mataimaki ya jingina da ƙofa, malamai biyu da ba su da darasi suka maƙale a taga wai iska suke sha. Malama Ƙarama ta tsaya a lungu. Malam Sifili ya ɗauki alli kamar mai ɗaukar wuƙar yanka, ya nufi layin baya kai tsaye.

“Kai, dogo. Keke ya yi mita ɗari biyu cikin sakan arba'in.”

Lange ya miƙe, sai da ya gama miƙewa, ya motsa leɓe. “Mita biyar a sakan, Malam. Ginshiƙi guda ke nan duk sakan. Mai keken nan yana sauri.”

Malam ya ɗan dakata. Ya juya tambayar: ga sauri, ga lokaci, ina nisa? Wata yarinya mai in'ina ta ba shi, a hankali amma daidai. Ya sake juyawa: ga nisa, ga sauri, ina lokaci? Yaro na farko ya ninka maimakon ya raba, sai na kusa da shi ya ce, “Haba, ya za a yi a ɗauki awa uku daga nan zuwa ƙofar makaranta?” Yaron ya dafe kai ya gyara da kansa. Shugaba ta rubuta wani abu a ɗan littafinta.

Da ya ga ta nan ba ta ɓulle ba, sai ya ajiye allin.

“Ranki ya daɗe, a bar wasa. Sun ce ina yin rabin mita a sakan. Ga baranda, ga agogo, ga ni. A auna ni a gabanki.”

Ya fita ya ƙetare fili, ya tsaya a ƙofar ɗakin malamai, ya gyara wuyan riga. Shugaba da kanta ta ɗaga hannu ta sauke. Ya taho da tafiyarsa ta kullum, ba gudu ba, kai a sama, takalmi na ƙwas-ƙwas. Yara arba'in da ɗaya suna kallon jan hannun agogo. Ya taɓa ƙofar aji uku.

“Sakan arba'in,” in ji Mataimaki.

Malam Sifili ya dawo ko haki ba ya yi. “Sittin a raba da arba'in. Wa zai faɗa mini?”

“Ɗaya da rabi,” aji ya amsa, murya ƙasa-ƙasa.

“Ɗaya da rabi. Ba rabi ba. Ninki uku suka zabge mini, don a yi dariya.” Ya juya ga Shugaba ya buɗe hannuwa. “Haddar raba lamba daban, gaskiyar awo daban. Wannan ita ce kimiyyar da ake koya musu.”

Shugaba ta kai hannu ga tabaranta. Malama Ƙarama har ta fara hango kwalin maɓallan Yaya. Ba ta taɓa duba littafin yaran ba, tsoro ya hana ta. Amma ita ta koya musu karanta agogon nan, ta ga yadda suke faɗa da juna a kan sakan guda. Ta ji muryarta ta fito, ta fi yadda ta saba ƙarfi.

“Ranki ya daɗe, kafin a yanke, a bar masu awon su nuna lambobinsu. In kuskure ne, a gan shi a allo.” Ta dubi Barkono. “Tashi daga kan littafin.”

Barkono ta ɗaga, ta zaro shi daga ƙarƙashinta ya yi lanƙwasa, ta fito gaba.

“Malam bai yi ƙarya ba, mu ma ba mu yi ba,” ta ce. “Kwana huɗu muka auna shi yana zuwa aji uku bayan tara da rabi. Kullum minti biyu, wato sakan ɗari da ashirin. Sittin a raba da ɗari da ashirin, rabi. Da can mu ma mun ɗauka tafiyar hawainiya yake yi. Sai jiya da aka koya mana zane muka gane.”

Ta ja layi a kwance, ta ja a tsaye. Abokiyarta na karanto lokacin kowane ginshiƙi, ita tana ɗigawa. Layi ya hau tsaf har sakan ashirin. Daga nan ya kwanta, ya yi ta tafiya a kwance kamar an shimfiɗa tabarma, har sakan ɗari. Sa'an nan ya sake hawa, da irin hawan farko, ya dire a mita sittin.

Shugaba ta taso daga kujerarta ta zo gaban allo. Ba ta tambayi Barkono ba. Ta nuna wani ƙaramin yaro da ke ɓuya bayan jakarsa.

“Kai. Wannan hawan na farko, me yake cewa?”

“Mita talatin cikin sakan ashirin, ranki ya daɗe. Ɗaya da rabi. Irin tafiyar da ya yi yanzu.”

“Ke, mai jan ɗankunne. Nan da layi ya kwanta fa?”

“Lokaci na tafiya, shi ba ya tafiya. A tsaye yake.”

“Har tsawon?”

“Sakan tamanin.”

“To rabin mitar da kuka liƙa mene ne?”

Lange ya ɗaga hannu. “Matsakaici ne, ranki ya daɗe. An haɗa tafiyar da tsayuwar an raba. Kamar in ni na ci kwano uku, wannan bai ci ko ɗaya ba, sai a ce kowa ya ci ɗaya da rabi.”

Shugaba ta gyaɗa kai a hankali. Da a nan ta tsaya da an rabu lafiya. Amma mace ce mai son ganin ƙarshen zance.

“A ina yake tsayawar?”

“Mita talatin,” aji ya amsa baki ɗaya. “Ginshiƙi na shida.”

Ta taka zuwa taga, malaman da ke shan iska suka matsa mata. Ta miƙa yatsa tana ƙirgawa daga ƙofar ɗakin malamai. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida. Yatsan ya tsaya a kan tagar laburare. A daidai lokacin kuwa Antin Laburare, wata doguwa mai fara'a da ta zo bara, ta leƙo tana kakkaɓe ƙurar wani littafi. Da ta ga idanu sun fi tamanin a kanta, ta ja labule.

Mataimaki ya kama tari, tarin ya ƙi tsayawa, sai da ya fita waje da shi. Malamar Turanci, da ke taga, ta riga ta bar wurin, kuma duk da tsinin takalminta ranar, an ce ba a taɓa ganin ta kai ɗakin malamai da wuri haka ba.

Malam Sifili ya tsaya yana kallon allon. Kunnuwansa kaɗai suka nuna halin da yake ciki. Ya bi ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya da ido, yana neman inda zai kama, har ya karɓi littafin Barkono ya duba kwana huɗun. Mutum ne mai taurin kai, amma bai taɓa yi wa lamba ƙarya ba.

“Littafi nake tambaya,” ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba.

“Kullum, Malam?” in ji Shugaba.

“Ba a samo shi ba tukuna.” Ya rufe littafin yarinyar ya miƙa mata. “Lissafinsu daidai ne, ranki ya daɗe. Na janye maganata.” Ya juya ga Malama Ƙarama, ya ɗan rusuna kaɗan. “Malama, shekara biyu ina fama da su a kan zanen nan. Ban san yadda kika yi cikin kwana biyu ba.”

Ya fita. Yara arba'in da ɗaya suka juya ga agogo kamar an ja su da zare.

“Kul,” in ji Malama Ƙarama. Suka dawo da kawunansu.

Shugaba ta aika aka kawo takardar daga ofis. A kan teburin aji ta sa hannu, a gaban yaran, da sauran sati shida zango ya ƙare. Ta kira Mataimaki, wanda ya dawo yana share hawaye, ta ce ya cire makullin kabad ya ba Malama, agogunan nan ba don tsatsa aka sayo su ba.

“Amma ki ji ni da kyau, ɗiyata,” ta ce a hankali. “Daga yau akuya. Akuya da keke.”

“In sha Allahu, ranki ya daɗe.”

Da suka watse aka bar ta da ajinta, sai yara suka ɓarke da tafi da bugun tebur, har sai da malamin aji ɗaya ya buga bango. Ta bar su suka yi mai isarsu. Ita kanta ta juya ga allo ta daɗe tana gogewa, don kada su ga bakinta ya ƙi rufuwa. Da ta juyo ta haɗe fuska, ta duba agogo, saura minti goma sha biyu.

“An gama biki. Wa zai gaya mini, in kana tsaye a cikin bas direba ya taka burki, me ya sa kake faɗawa kan na gabanka alhali ba wanda ya tura ka?”

Hannuwa suka tashi har layin baya, wasu biyu-biyu. Ta tsallake masu ɗaga murya, ta nuna yarinyar nan mai in'ina, ta ce ta ɗauki lokacinta, kowa zai jira.